Na Uku Daga Hagu

Yara talatin da huɗu ne a hoton, kuma ba sai mutum ya ƙirga ba. Yaron da ke tsugune a tsakiyar layin gaba yana riƙe da allo, malami ya rubuta a jiki da alli: aji bakwai, ɗalibai talatin da huɗu, sai shekara a ƙasa.

Hoton na Baba ne, tsohon ma'aikacin gidan waya. Yana layin baya, ɗan siriri, kunnuwa a baje kamar za su tashi da shi. Fiye da shekara hamsin hoton yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, amma ba kwanciya yake yi ba, don kusan kullum sai an ciro shi.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, sana'arta gyaran tsofaffin hotuna. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Tebur, kwamfuta, sikana mai shigar da hoto cikin kwamfuta, firinta mai tari kafin ta tashi, da wata durowa cike da hotunan da aka kawo gyara ba a dawo an karɓa ba. Bara ta lallaɓa Baba ya ba ta hoton ta sa a sikana. Karce da tabon ruwa duk ta share su a yini ɗaya. Wuri guda ne ya ba ta wahala: layi na biyu, na uku daga hagu. Yaron yana nan da rigarsa da kafaɗunsa, amma fuskar ta tafi, sai fari. Ba gara ce ta ci ta ba, babban yatsan Baba ne, shekara da shekaru yana shafawa.

Bahago ke nan. Duk gidan an haddace labarinsa. Shi ke kaɗa ƙararrawar makaranta. Malami ya karya rula biyu a hannunsa na hagu don ya koma rubutu da dama, bai koma ba. Da wannan hannun ya tsamo Baba daga kududdufin bayan makaranta, ranar da Baba ya sha ruwa har ya daina motsi. Wata uku bayan ɗaukar hoton zazzaɓi ya kashe shi. Iyayensa baƙi ne, aiki ya kawo su, aiki ya tafi da su, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Kwana uku Auta ta yi tana gina fuskar daga bakin Baba. Yana zaune a gefenta, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfuta saboda yanar da ta fara rufe masa ido.

"Ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta. A'a, ɗayan. Goshin ki ɗaga shi. Ba ya dariya a hoto, haƙorinsa ya karye."

A rana ta uku ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Shi ne. Hancin dai ya fi haka faɗi, amma bar shi, shi ne." Ya laluba sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba. "Ba shi da kowa, Auta. Ni kaɗai na rage da na san an yi shi. In na tafi, ke ce mai shi."

Ta ce to. Abu ne mai sauƙin cewa to.

Bana aka shiga yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, sai ɗan takarar babbar jam'iyya ya shiga tsaka mai wuya. A takardun da ya miƙa ya rubuta cewa a waccan makarantar ya gama firamare, a waccan shekarar. Makarantar ambaliya ta cinye ofishinta tun tuni, babu rajista. Abin da 'yan adawa suka tono takarda ce guda daga ma'aikatar ilimi, ba suna ko ɗaya a ciki, sai adadi: ɗalibai talatin da huɗu suka zauna jarrabawa. Suka kai ƙara kotu a cire sunansa daga takardar ƙuri'a. Kullum safiya a rediyo magana ɗaya ce: a nuna mana mutum guda da ya zauna benci ɗaya da shi. Mai gyaran agogo ya ce wataƙila ta taga ya yi karatun. Direbobin haya suka sa masa Ɗalibin Ɓoye.

Yayan Auta a ofishin yaɗa labaran ɗan takarar yake. Shi ne aikin farko da ya riƙe fiye da wata shida, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Wata rana da tsakar rana ya shigo shagon, ya tura ƙofa da ƙafa, ya ajiye ambulan a tebur.

"Injiniya, duba min wannan. Kar ki yi dariya."

Ta yi dariyar. Hoton Baba ne, an dasa wani kai a ƙarshen layin baya, ya fi kan malami girma, yana kallon wani wuri daban.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Mutumin ofishinmu. Yana da digiri."

"Digirin bai koya masa ƙirga ba? Talatin da biyar ke nan. Ga allo yana cewa da huɗu, ga takardar ma'aikata tana cewa da huɗu." Sai dariyar ta tsaya mata. "Yaya, ina ka samo hoton nan?"

"A inda yake."

"Baba ya sani?"

"Baba ya san na ara."

Ya jawo kujerar masu jira ya zauna a kanta ta baya, ya ɗora haɓa a jingina.

"Na san ba a ƙari. Shi ya sa na zo wurinki. Musanya za a yi."

"A cire wa?"

"Ki duba su da kyau. Wannan jikansa lauya ne. Wannan 'yarsa tana gidan talabijin. Wannan yana nan da ransa, bakinsa ya fi rediyo. Ki taɓa ɗaya, gobe danginsa su cika titi. Mutum ɗaya ne a nan ba mai nemansa." Ya ɗora yatsa a kan farin wurin. "Kuma ma ba fuska. Ba abin da za ki cire."

"Baba na nemansa."

"Baba ko ni sai na yi magana yake gane ni."

Ta tura masa ambulan. Bai ɗauka ba.

"Auta, ki saurare ni. Na riga na buɗe baki a gaban manya na ce akwai hoto. Da ke ko ba ke za a yi. Bambancin, na mai digiri kwana ɗaya za a kama shi, kuma ki juya bayan hoton ki ga sunan wa ke rubuce. Ni a kore ni, wannan ƙarami ne. Baba za a ɗauko a sa a gaban kyamara a ce tsohon banza ya sayar da kansa." Ya miƙe daga kujerar. "In kuma ba za ki iya ba ne, ki ce ba za ki iya ba. Ba abin kunya ba ne."

Ya san ƙanwarsa. Daga baya ta sha gaya wa kanta cewa don Baba ta yi. Amma ta san wace magana ce ta sa ta jawo ambulan.

Hoton ɗan takarar na yarinta, da Yaya ya haɗo a ambulan, guda ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka a ɗakin mai hoto, yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. Matsalarsa haske. A hoton aji rana ta hagu take bugun yaran, kowane hanci inuwarsa ta faɗi dama. A nasa fitila ta dama take. Mai koyo zai zauna ya yi ta shafa inuwa yana gogewa har fuskar ta koma kamar ta roba. Auta ba mai koyo ba ce. Ta juya fuskar kamar a madubi, dama ta koma hagu, haske ya faɗi inda ya kamata. Ta rage girman kan, ta zaunar da wuyan cikin kwalar Bahago, ta yayyafa masa irin dishi-dishin sauran hoton. Ta buga a takarda irin ta da, ta jiƙa a ruwan shayi, ta shanya, ta lanƙwasa kusurwa biyu, ta kwaikwayi rubutun Baba a baya. Da ta gama ta ɗauko gilashin ƙara girma ta nemi ɗinkin, ita da ta yi shi. Ba ta same shi ba.

Yaya ya tafi da sabon. Ya tafi da tsohon ma, wai don kada a gan su tare.

Ranar Litinin hoton ya fito a shafin farko na jaridu, an zagaye kan da jan layi. Auta ta sayi ɗaya a hanyar shago. Tana tsaye a bakin titi, jaridar a hannu, fostar ɗan takarar a jikin bangon da ke gabanta, sai idonta ya faɗa kan girarsa.

Mutumin yana da tabo. Duk ƙasar ta sani, masu zanen barkwanci da shi suke fara zana shi: wani ɗan layi da ya raba girarsa ta dama biyu. A hoton yarintar ma yana nan, ƙarami. Ta juya fuskar, ta manta da shi. Yaron da ke layi na biyu, na uku daga hagu, a girar hagu tabonsa yake.

Ta kira Yaya.

"Ki kwantar da hankalinki. Wa zai duba gira?"

"Ni na duba."

"Ke ai ba mutum ba ce, na'ura ce. Ki yi shiru kawai."

An duba. Rana ta uku wata 'yar jarida ta shigo shagon, mace mai ƙaramin jiki da tabarau, ta zauna ba a ce ta zauna ba. Sunan da ke bayan hoton ne ya kai ta gidan Baba, maƙwabta suka ce ai 'yarsa ma aikin hoto take yi.

"Malama, ke da kika san aikin, tabo yana ƙaura?"

"Ban gane ba."

"Daga dama zuwa hagu. Ko da girma yake zagayawa?"

Auta ta ce ita gyara take yi, ba ta san komai a kan wannan ba. 'Yar jaridar ta dubi sikana, ta dubi firinta, ta dubi kofin shayin da ke kan tebur. Ta ajiye katinta ta fita.

Auta ta zauna jiran a zo a kama ta. Sai ga tsofaffi a talabijin.

Uku ne, duk suna cikin hoton, ta san fuskokinsu na yarinta fiye da yadda jikokinsu suka sani. Na farko ya ce ya tuna shi sarai, ai shi ke kaɗa ƙararrawa. Na biyu ya ce malami rula biyu ya karya a hannunsa. Na uku, mai bakin rediyon, wanda makon jiya ya rantse bai taɓa ganin mutumin ba, ya ce tsufa ne ya rufe masa tunani, yanzu da ya ga hoton komai ya dawo. Auta ta ce a ranta, Yaya ya yi aiki. Ya kwashe labaran gidansu ya rarraba wa tsofaffi, kowa da nasa. Abin ya ƙona mata rai, amma ta fahimce shi.

Da la'asar ta tarar da Baba a baranda, rediyo a cinya.

"Auta, kin ji su? Gaskiya suka faɗa. Benci ɗaya muke da shi."

"Da wa, Baba?"

"Da Bahago mana. Wannan da ke neman shugaban ƙasa."

Ta ajiye jakarta a hankali. "Yaya ne ya ce ka faɗi haka?"

"Yayanki rabona da shi tun da ya ari hotona. Ni zai koya wa Bahago?"

"Baba, Bahago ya rasu."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. Zazzaɓi, wata uku bayan hoto. Ka ce ka bi gawarsa ba takalmi, ƙaya ta soke ka ba ka ji ba sai da aka dawo."

Baba ya rage muryar rediyon. Ya daɗe yana juya maganar, kamar mai neman wasiƙa a jakar da ba tata ba.

"Zazzaɓin dai ya yi," ya ce. "Iyayensa suka tafi da shi. Mu yara ne, muka ɗauka mutuwa ya yi."

"Gawar fa?"

"An yi mace-mace a shekarar nan. Gawar wa na bi, Allah kaɗai ya sani." Ya ƙara muryar rediyon. Fuskarsa a sake take, rabon da ta gan ta haka tun mahaifiyarsu na da rai. "Ki ga ikon Allah. Shekara hamsin ina kukan mai rai."

Ranar Asabar da hantsi ɗan takarar ya zo gaishe da abokin karatunsa. Motoci suka toshe layin, masu kyamara suka tattake shukokin ƙofar gida. Yaya yana gaba yana ba da umarni da hannu biyu. An fito da Baba baranda cikin fararen kayansa, Auta na tsaye bayan kujerarsa.

Mutumin ya fi yadda yake a fosta tsawo, kuma ya fi shiru. Ya haye matakala uku, ya tattara rigarsa, ya tsuguna a gaban Baba har gwiwarsa ta taɓa siminti. Ya dube shi. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Kwaɗo. Ashe kana nan."

Hannun Baba ya saki sandar ta faɗi.

Auta ta dubi Yaya. Yaya ita yake kallo. Ba wanda ya taɓa jin wannan sunan a gidan.

"Ba wanda ya ƙara kirana haka," in ji Baba. Muryarsa ta koma ta wani yaro. "Tun ranar kududdufi. Kai kaɗai."

"Ai ruwan da ka sha ya isa a kira ka haka har ka mutu."

Baba ya yi dariya, hawaye na bin kuncinsa, ya kama kan mutumin da hannu biyu yana lalubar fuskar. Kyamarori suka matso. Auta na bin yatsun mahaifinta da ido, goshi, gira. Yatsan ya tsaya a kan tabon. Ta duba nata hannun, ta duba na mutumin, ta ƙirga kamar yarinyar da ake koya wa dama da hagu. A girar hagu yake. Tsohon tabo ne, fari, gashi bai tsiro a kansa ba.

Aka kawo babban kwafin hoton cikin firem mai gilashi, kyauta ga Baba. Aka zare bayan firem ɗin don ɗan takara ya sa hannu. Wani ya miƙa masa biro ta dama. Ya karɓa, ya mayar da shi hagu, ya lanƙwasa wuyan hannu ta sama yadda bahagwai ke yi, ya rubuta.

Da zai tafi ya tsaya a gabanta.

"Ke ce mai gyaran hoton?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Hannunki na da kyau. Allah ya yi albarka." Ya ɗan sunkuyo, kamar zai gaya mata abin dariya. "Hancin dai ya fi haka faɗi."

Ya sauka matakala, mutanensa suka rufe shi.

Ta tare Yaya a bayan gida, wajen famfo, kafin ya bi motocin.

"Wa ya ba shi Kwaɗo?"

"Na ɗauka ke ce."

"Ni ban taɓa ji ba."

"To ni ƙararrawa da rula da kududdufi na rubuta masa, layi uku, a mota ma ya karanta." Ya wanke fuska ya yarfe ruwan. "Tsofaffin can kuma ban je wurinsu ba. Su suka kira ofis."

"Yaya, tabon."

"Wane tabo?"

"Na kira ka a kansa. Na ce na juya fuskar, ya koma hagu."

Ya dube ta kamar mai son tunawa, tsakani da Allah. "Kin kira ni, na tuna. Kina ta faɗa a kan gira. Amma ai a hagu yake, Auta. Kullum ina gabansa." Aka yi masa hon. "Ki samu ki huta. Kin yi aiki, an gode."

Ba ta hau mota ba, da ƙafa ta tafi shago. Fostocin suna nan a kowane bango da kowane turken lantarki, wasu sababbi, wasu rana ta cinye su tun farkon kamfen, wasu an yaga rabi. Ta tsaya a gaban wadda ta tsaya a gabanta ranar Litinin, ta gane ta da yagewar kusurwa. A girar hagu. Ta duba goma, ta daina.

Mai gyaran agogo yana bakin shagonsa, gilashi a ido ɗaya.

"Maƙwabci, tabon mutumin nan a wane gefe yake?"

Bai ɗago ba. "Hagu. Ba shi ya sa 'yan adawa ke cewa ko tabonsa ba ya kan daidai ba?"

Ta shiga ta kulle ƙofa. Ta buɗe kwamfuta, tana tsoron abin da za ta tarar. Amma suna nan yadda ta bar su. Hoto na farko, wanda ta ɗauka a sikana bara, da farin wuri a layi na biyu. Hoto na biyu, da fuskar da ta gina: ido ɗaya ƙarami, baki a rufe. Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta ɗauko katin 'yar jaridar. Ta san abin da zai biyo baya, ga Yaya, ga ita kanta. Ta kira.

'Yar jaridar ta zo washegari da safe. Tun kafin ta zauna ta ce, "Maganar tabo ki bar ta, ni na yi kuskure. Na koma na duba hotunansa na shekara ashirin, duk a hagu yake. Ban san me ya shiga idona ba."

"Ba wannan ba. Zo ki ga na asali."

Ta nuna mata, ta faɗa mata komai, har shayin. 'Yar jaridar ta saurara ba ta katse ta ba. Ta ce a ƙara girman fuskar. A ƙara. Ta cire tabarau ta matso.

"Wannan ai zane ne."

"Gyara ne. Fuskar ta goge, mahaifina ya kwatanta min, na mayar da ita."

"Malama, ki dubi nan. Dishi-dishin bai yi daidai da na sauran yaran ba. Ga gefen kunne, ga inda kika shafa. Ko ɗalibi zai gani." Ta ciro jarida daga jakarta ta shimfiɗa kusa da kwamfutar. "Wannan kuwa mun kai wa masana biyu. Ba su sami ko ɗigo ba."

"Don na fi ƙwarewa bana. Kuma wancan don Baba na yi shi, ban yi don in ɓoye ba."

"Asalin na takarda fa?"

"Yana wurinsu."

"To me kike da shi? Hoto mai farin wuri, wanda kowa zai iya gogewa. Da hoto mai zanen fuskar yaron da ba shi da suna a ko'ina, ba dangi, ba kabari. Su kuma suna da tsofaffi huɗu, har da mahaifinki yana kuka a talabijin." Ta mayar da tabarau. Ba da mugunta take magana ba. "In na buga wannan, ke za a kama. Za a ce 'yan adawa suka sa ki cire fuskar ɗan takara ki liƙa ta wani. Kuma in gaya miki gaskiya, ni ma da ido na, haka na gani."

Da ta tafi, Auta ta yanko fuskar ita kaɗai ta buga ta girman tafin hannu. Ta kai wa Baba da rana, lokacin da haske ya fi yawa a baranda. Ba ta gaya masa ko wane ne ba, ta sa masa a hannu.

Ya kai ta dab da hanci. Ya karkata ta wajen haske.

"Ɗan wa ne?"

"Ka duba dai, Baba."

"Yaro mai hankali, da gani. Ido ɗaya kamar ya ɗan shanye." Ya miƙo mata. "Na masu kawo gyara ne? Ki mayar musu, kar su neme shi su rasa."

Ta koma shago ta juya bayan takardar. Ta rubuta: Bahago. Ƙararrawa. Rula biyu. Kududdufi. Zazzaɓi, wata uku bayan hoto. Ta tsaya a kan layin ƙarshe, biro a sama, don wani ɓangare na kanta yana cewa ai iyayensa tafiya suka yi da shi. Ta danna biron ta ƙara: ya rasu. Ta ja layi biyu a ƙasa. Ta buɗe durowar hotunan da ba a dawo an karɓa ba, ta sa shi a sama.

Kotu ta kori ƙarar ranar Alhamis. Direbobin haya suka daina cewa Ɗalibin Ɓoye, suka koma cewa Bahago, har aka buga shi a riguna. Aka ƙara wa Yaya matsayi.

Baba bai yarda a rataye firem ɗin a bango ba. A cinyarsa yake wuni, a inda rediyo yake zama da. Auta tana shara a falo ta ji wani ɗan ƙara daga baranda, siriri, yana tsayawa yana dawowa. Ta leƙa. Babban yatsan Baba ne a kan gilashi, layi na biyu, na uku daga hagu, yana kai da komo.

"Gilashin nan sanyi gare shi," ya ce. "Ba ya jin hannu."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Sannan ta jingine ta, ta karɓi firem ɗin, ta ɗauko wuƙar tebur ta tanƙware ƙusoshin baya. Ta zare gilashin ta kai ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado. Ta mayar masa da takardar tsirara.

Ita ta san wannan takardar. Ta san tawadar a sama kawai take zaune, ta san ba komai a ƙarƙashi sai fari. Irin ta yanzu ce ma, ba ta da ƙarkon ta da, ba za ta ɗauki shekara hamsin ba.

Duk da haka kullum safiya, kafin ta tafi shago, takan karɓi hoton ta ce za ta share masa ƙura. Takan kai shi bakin baranda ta ciro gilashin ƙara girma daga jaka. Saura kwana tara zaɓe goshin ya fara dusashewa. Saura kwana huɗu tabon ya tafi, girar ta koma guda. Ta matso da gilashin kan hancin, ta daɗe a wurin.

"Me kike nema ne, Auta?"

"Ba komai, Baba."

Ta ɗora masa hoton a cinya, ta kamo babban yatsansa ta ajiye a inda ya tsaya jiya.